Abin da ke sa kibiyar linzami sauya kama a Linux, da yadda ake gano tushen matsalar

Masu aiki da Linux a kwamfutar tebur da ta tafi-da-gidanka sun saba da wata matsala da ake ganin ƙarama ce, amma takan cinye wa mutum yini guda. Za a sauko da sabon salon kibiyar linzami, a zaɓe shi a wurin saiti, kibiyar ta sauya kamar yadda ake so, amma da zarar an kai ta kan tagar burauza sai ta koma tsohuwar baƙar kibiya, a cikin wata manhajar ta kumbura ta ninka girmanta, a bakin taga kuma ta rikiɗe zuwa wata siffa mai kaushi wadda ba ta da alaƙa da salon da aka zaɓa. Ga mai lafiyar ido wannan abin takaici ne kawai, amma ga wanda idonsa ya yi rauni, wanda ya ƙara girman kibiyar domin ya riƙa ganinta, ƙanƙancewarta a cikin wasu manhajoji na nufin ba zai iya aiki da su ba. Wannan kaɗai ya isa a ɗauki maganar da muhimmanci.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, a tsarin da Linux ya gada babu wata hukuma guda da ke riƙe da kibiyar. Mai amfani yana ganin kibiya ɗaya tana yawo a fuskar kwamfuta, sai ya ɗauka babbar manhaja ce ke zana ta daga farko har ƙarshe, alhali kuwa kowace manhaja ita ce ke nemo hoton kibiyar da za a nuna a kan tagarta, kuma kowacce tana da inda take duba saitin. Saboda haka wurin da kibiyar ta lalace shi ne babbar shaida, kuma wanda ya tsaya ya lura da shi kafin ya taɓa komai ya riga ya yi rabin aikin.

Asalin wannan tsari yana komawa ga X11, tsohon tsarin da ke nuna tagogi a fuskar kwamfuta, wanda ya fito a 1987. A wancan zamani kibiyoyin suna cikin wani rukunin siffofi na musamman da ke zuwa tare da tsarin, launi biyu kawai gare su, ba inuwa kuma ba motsi, kowacce da sunanta: left_ptr ita ce kibiyar yau da kullum, xterm ita ce sandar da ke fitowa a kan rubutu, watch ita ce alamar jira, hand2 kuma hannun da ke nuna inda za a danna. A 2002 Keith Packard ya samar da Xcursor, wanda ya shiga XFree86 4.3, manhajar da ke gudanar da X11 a Linux a lokacin, a 2003, ya kawo kibiyoyi masu cikakken launi da inuwa da motsi. Sai dai Xcursor ba manhaja ce mai zaman kanta ba, tarin lambobi ne da ke aiki a cikin kowace manhaja. Manhajar ce ke buɗe fayil ɗin kibiya daga faifai, ta zaɓi hoto, sannan ta miƙa shi ga tsarin ya nuna. Idan ba ta sami abin da take nema ba, sai a koma ga waɗancan tsofaffin siffofi na 1987, kuma su ne mutum ke gani idan kibiyarsa ta zama baƙa mai kaushi ba zato ba tsammani.

Shi kansa salon kibiya ba wani abu ne mai sarƙaƙiya ba. Folda ce mai ɗauke da sunan salon, a cikinta akwai wata folda mai suna cursors inda fayilolin kibiyoyin suke, sannan akwai ɗan fayil na rubutu mai suna index.theme. Ana ajiye ta a /usr/share/icons idan ana so kowa a kwamfutar ya same ta, ko kuma a ~/.local/share/icons ko ~/.icons idan ta mutum ɗaya ce, inda alamar ~ ke nufin foldar mai amfani ta kansa, wadda ake kira gidansa. Kura-kuran farko a nan suke faruwa, kuma su ne mafi sauƙin gyara. Sau da yawa idan aka warware ƙunshin da aka sauko da shi, foldar takan fito a cikin wata foldar mai suna iri ɗaya, ta yadda cursors za ta nutse hawa biyu, Xcursor kuwa ba ya tono, hawa ɗaya kawai yake dubawa. Wani lokaci kuma abin da aka sauko da shi na Windows ne, fayiloli masu ƙarewa da .cur da .ani, waɗanda Xcursor ba ya karantawa sam sai an juya su da wani abu irin win2xcur. Fayil ɗin Xcursor na gaskiya ba shi da wata ƙarewa a sunansa, kuma haruffa huɗu na farkon cikinsa su ne Xcur.

Akwai kuma batun suna, wanda ke ruɗar har da waɗanda suka daɗe a harkar. Sunan da ake gani a tagar saiti daga cikin index.theme ake karanto shi, amma sunan da manhajoji ke nema da shi shi ne sunan foldar, harafi da harafi, kuma Linux yana bambance babban baƙi da ƙarami. Salon teburin KDE da kowa ya sani da Breeze, foldarsa breeze_cursors ce, don haka wanda ya rubuta Breeze a fayil ɗin saiti da hannunsa bai ambaci salon kibiyar ba ko kaɗan, kuma babu wani saƙon kuskure da zai fito ya sanar da shi. Wannan shirun shi ne mafi wahalar sha'ani a duk lamarin, domin Xcursor ba ya ƙorafi, yakan wuce ne kawai zuwa zaɓi na gaba.

Idan kibiyar tana daidai a yawancin wurare amma tana lalacewa a wani yanayi na musamman, misali a bakin taga lokacin da za a faɗaɗa ta, ko lokacin jan fayil daga wuri zuwa wuri, to galibi salon ne bai cika ba. Dalili kuwa shi ne siffa ɗaya tana da sunaye da yawa, gwargwadon zamanin da aka rubuta manhajar da ke nemanta. Tsofaffin manhajoji suna kiran left_ptr da xterm da hand2 da sb_h_double_arrow, sababbi kuma sun ɗauki sunayen da shafukan intanet ke amfani da su a CSS, wato default da text da pointer da ew-resize. Akwai ma wasu sunaye na haruffa da lambobi 32 a jere, waɗanda aka samar domin a gane hotunan kibiya da wasu tsofaffin manhajoji ke ƙirƙira da kansu a maye gurbinsu da na salon. Mai haɗa salo nagari yakan zana hoto ɗaya, sannan ya yi masa fayilolin nuni, waɗanda ba su ɗauke da komai sai ishara zuwa ga fayil ɗin asali, a ƙarƙashin duk sauran sunayen. Shi ya sa idan aka leƙa foldar cursors ta salo mai inganci za a tarar da cewa kaso mai yawa na abin da ke ciki fayilolin nuni ne.

Waɗannan fayilolin nuni kuwa ba su da juriyar tafiya. Idan aka naɗe salon a zip ba tare da kula ba, ko aka warware shi a Windows, ko aka kwafe shi ta filashi mai tsarin FAT32, wanda bai san fayilolin nuni ba, sukan ɓace ko su zama ƙananan fayilolin rubutu marasa amfani. Umarnin ls -l a cikin foldar yana nuna gaskiyar lamarin nan take, domin kowane fayil ɗin nuni mai lafiya zai fito da alamar da ke nuna inda ya dosa. Idan suna ɗaya ko biyu ne suka ɓata, ana iya ƙirƙirar su da ln -s, a ce misali ew-resize ya riƙa nuni zuwa sb_h_double_arrow. Idan kuwa siffar ce babu ita ɗungurungum, to layin Inherits a cikin index.theme shi ne mafita, domin da shi ake gaya wa Xcursor wane salo zai ara daga gare shi idan wannan ya gaza. Rubuta Inherits=Adwaita ba zai sa siffar da aka aro ta yi kama da sauran ba, amma ya fi komawa ga baƙar siffar da ba ta ma bin girman da aka saita.

Matsala ta biyu ta fi wannan yawa, ita ce wadda salon yake lafiya ƙalau amma wasu manhajoji ba su san an zaɓe shi ba. A nan ne rashin hukuma guda ke bayyana sosai. Teburin GNOME yana ajiye zaɓin a ma'ajiyar saitinsa ta gsettings, ƙarƙashin org.gnome.desktop.interface, da maɓallan cursor-theme da cursor-size. KDE Plasma yana ajiye nasa a fayil ɗin kcminputrc. Manhajojin da aka gina da GTK, kayan gina tagogi da GNOME ke amfani da shi, idan suna aiki a wajen GNOME, sukan duba settings.ini da ke cikin ~/.config/gtk-3.0, inda layin gtk-cursor-theme-name yake. Shi kuwa Xcursor da kansa yana duba saitunan muhalli guda biyu, wato saitunan da ake miƙa wa manhaja lokacin da aka tashe ta, XCURSOR_THEME da XCURSOR_SIZE, yana kuma duba Xcursor.theme da Xcursor.size a cikin ~/.Xresources. Manyan teburori irin GNOME da Plasma da Cinnamon suna ƙoƙarin daidaita waɗannan wurare a madadin mai amfani, shi ya sa matsalar ta fi addabar masu amfani da ƙananan masu sarrafa tagogi irin i3 da Openbox da Sway, inda babu mai yin wannan hidima sai mutum da kansa. A irin waɗannan wurare masu bin X11 ne ma ake ganin babban baƙin gicciye a kan fuskar da ba taga, wanda xsetroot -cursor_name left_ptr ke kawar da shi.

Idan duk waɗannan ba su ba manhaja amsa ba, akwai mafaka ta ƙarshe, wato salon da ake kira default. Yawanci wannan folda ba ta ɗauke da kibiya ko ɗaya, index.theme ne kawai a ciki mai layin Inherits da ke nuna wani salo. A Debian da Ubuntu da danginsu ana sarrafa na kwamfutar gaba ɗaya da update-alternatives --config x-cursor-theme, mutum ɗaya kuma yana iya ƙirƙirar ~/.icons/default/index.theme ya rubuta sunan foldar salonsa a ciki. A ganina wannan shi ne gyaran da ya fi kowane riba, domin layi biyu ne kawai, ba ya ɓata komai, kuma yana kama yawancin manhajojin da suka kuɓuce wa sauran saitunan.

Game da saitunan muhalli, akwai kuskuren da ake yawan yi. Manhaja tana gadon su ne daga abin da ya tashe ta, a daidai lokacin tashinta, ba ta sake dubawa bayan nan. Wanda ya rubuta XCURSOR_THEME a cikin ~/.bashrc ya gyara wa manhajojin da zai buɗe daga tagar umarni ne kawai, waɗanda zai buɗe daga jerin manhajoji ba za su gani ba. Wurin da ya dace shi ne inda zaman gaba ɗaya ke karantawa lokacin shiga, kamar /etc/environment, ko ~/.config/environment.d a teburorin da systemd, mai tayar da ayyukan tsarin, ke tayarwa, sannan dole a fita daga asusu a sake shiga. Mai son tabbatarwa yana iya duba fayil ɗin environ na manhajar a ƙarƙashin /proc ya ga abin da ta gada a zahiri. Mafi kaifin bincike kuma shi ne a tashe ta ta hannun strace, umarnin da ke nuna duk fayil ɗin da manhaja ta nemi buɗewa, a tace layukan da ke ɗauke da kalmar cursors, domin a nan za a ga kowace folda da ta ƙwanƙwasa da kowane suna da ta nema, da wanda ta samu da wanda aka ce mata babu. Shawarar da ake yawan bayarwa ta sabunta ma'ajiyar gumaka da gtk-update-icon-cache ba ta da tasiri a nan, domin Xcursor kai tsaye yake karanta fayilolinsa.

Wasu manhajojin kuma sun san sunan salon sarai, amma ba sa iya kaiwa gare shi. Manhajojin da aka girka ta tsarin Flatpak a killace suke, ba sa ganin duk abin da ke gidan mai amfani. Ana buɗe musu /usr/share/icons da ~/.local/share/icons na kwamfutar, amma ~/.icons ba ta cikin abin da ake buɗewa da farko, don haka mayar da salon zuwa ɗaya daga cikin waɗancan wurare biyu, ko ba su izinin karanta ~/.icons ta hanyar flatpak override, yakan warware matsalar. Manhajojin da aka girka ta tsarin Snap, waɗanda Firefox na Ubuntu ke cikinsu tun fitowar 21.10, sun dogara ne da ƙunshin gtk-common-themes mai ɗauke da sanannun salo irin Yaru da Adwaita, shi ya sa salon da mutum ya sauko da shi daga waje kan ɓace a kansu. Haka nan fuskar shiga asusu, ko ta GDM ko ta SDDM, tana aiki ne da wani asusu nata daban wanda ba shi da ikon leƙa gidan kowa, kuma manhajar da aka buɗe da umarnin sudo saitin root, wato asusun mai cikakken iko a kwamfutar, take karantawa.

Batun girma shi ne mafi zurfi. Fayil ɗin Xcursor ɗaya yana ɗauke da hotuna da yawa na siffa guda, kowanne da girman da aka yi masa laƙabi da shi, misali 24 da 32 da 48 da 64, tare da ɗigon da ke zama tsinin kibiyar, wato ainihin inda dannawa ke sauka. Idan manhaja ta nemi wani girma, Xcursor ba ya faɗaɗa hoto kuma ba ya rage shi, wanda ya fi kusa da abin da aka nema kawai yake ɗauka. Saboda haka salon da ke da girma 32 kaɗai zai fito a 32 ko da an saita 64, kuma mai shi zai yi ta matsa saitin ba tare da ganin canji ba. Idan kuma ba a gaya wa manhajar girma ba kwata-kwata, Xcursor yakan ƙiyasta da kansa: in akwai Xft.dpi, saitin da ke faɗin yawan ɗigo a kowane inci na fuska, sai ya ninka shi da 16 ya raba da 72, wanda ke ba da 21 a kan 96 da 42 a kan 192, in babu sai ya raba gajeren gefen fuskar da 48, wanda ke ba da 22 a fuska mai tsayin ɗigo 1080 da 45 a mai 2160. GNOME kuwa 24 yake farawa da shi. Lamarin ya zama kamar kasuwar da kowane mai awo ya zo da nasa mudun, kuma wannan ne ya sa kibiya ke girma tana raguwa tsakanin taga da taga a kwamfuta ɗaya.

Wayland, sabon tsarin nuna tagogi da ke maye gurbin X11, wanda Kristian Høgsberg ya fara a 2008, wanda kuma Fedora ta mayar da shi zaɓin farko a 2016, Ubuntu ta tsaya a kansa daga 21.04, bai kawar da wannan ba da farko, sai ma ya ƙara masa wani hawa. A tsarinsa na asali manhaja ce ke ɗora hoton kibiya a kan wani ɗan fili nata ta miƙa wa manhajar da ke harhaɗa tagogi, kuma ita ce ke da alhakin lissafin ninkin fuska. A fuskar da aka ninka zuwa kashi 200 cikin ɗari, kibiya mai girma 24 tana buƙatar hoto mai girma 48. Idan salon yana da shi, komai zai tafi daidai. Idan 32 kaɗai gare shi kuma manhajar ta ce wannan hoton na ninki biyu ne, kibiyar za ta fito ƙarama, tamkar mai girma 16. Idan manhajar ba ta san ninki ba sam, za a faɗaɗa mata hoton ya fito dishi-dishi. A ninkin kashi 150 kuma 36 ake buƙata, girman da salo da yawa ba su da shi. Akwai ma wani tarko, domin girman laƙabi ba lallai ne ya zama faɗin hoton ba: hoton Breeze mai laƙabin 24 faɗinsa ɗigo 32 ne, kuma manhajar da ta ɗauka su biyun abu ɗaya ne za ta yi kuskuren lissafi. Bayan wannan duka, tsofaffin manhajojin da ke bi ta XWayland, gadar da ke ba manhajojin X11 damar aiki a kan Wayland, suna nan a kan dokokin X11, a gefen waɗanda ke bin na Wayland.

Gyaran gaskiya ya fara zuwa ne a 2023, lokacin da aka shigar da ƙa'idar cursor-shape-v1 cikin wayland-protocols 1.32. A ƙarƙashinta manhaja ba ta sake buɗe fayil ɗin kibiya, tana faɗin siffar da take so ne kawai, ta rubutu ko ta jira ko ta hannu, mai harhaɗa tagogi ya zana da salonsa da girmansa. Masu harhaɗa tagogi irin KWin na Plasma da Sway da Hyprland sun karɓe ta, GNOME 48 da GTK 4.18 suka biyo baya a 2025. Plasma 6.2 kuma ya kawo kibiyoyin SVG a 2024, waɗanda ake iya zanawa a kowane girma ba tare da dusashewa ba, Hyprland ma yana da nasa tsarin mai suna hyprcursor. Ina ganin wannan ita ce hanyar da ta dace tun farko, domin ta mayar da kibiyar hannun mai ita guda ɗaya. Sai dai amfaninta yana samuwa ne idan ɓangarorin biyu sun san ta, don haka wanda ke kan tsohuwar fitowa mai dogon tallafi, ko yake aiki da manhajar da ba a sabunta ba, zai ci gaba da buƙatar salo mai girma da yawa da kuma XCURSOR_SIZE da ya yi daidai da saitin teburinsa.

Akwai rukuni na ƙarshe da bai shafi salo ko saiti ba ko kaɗan, kuma alamarsa daban take: kibiyar takan ɓace gaba ɗaya, ko ta zama murabba'i mai tarkacen launuka, ko ta kife, ko ta bar sawu a bayanta, kuma hakan na faruwa a kowace taga da kowane salo. Katin hoto yana da wani shimfiɗi na musamman domin kibiya, wanda yake ɗorawa a saman hoton fuska ba tare da sake zana abin da ke ƙasa ba, kuma idan direban katin ya yi kuskure a nan, babu sauya salon da zai taimaka. An fi ganin wannan a wasu direbobin NVIDIA tare da Wayland, da kuma cikin kwamfutocin kwaikwayo irin na VirtualBox da VMware. Gwaji mai sauƙi shi ne a ɗauki hoton fuska tare da kibiyar: idan ta fito lafiya a hoton alhali ido yana ganin ta a lalace, to hoton da tsarin ke riƙe da shi daidai ne, a hanyar zuwa fuska ya lalace.

Maganin wucin gadi shi ne a umarci tsarin ya zana kibiyar da kansa a cikin hoton fuska. A Xorg, mai gudanar da X11, ana kunna zaɓin SWCursor a sashen katin hoto, a Sway da danginsa da aka gina a kan tubalin wlroots ana saita WLR_NO_HARDWARE_CURSORS=1, a KWin akwai KWIN_FORCE_SW_CURSOR=1, Hyprland kuma yana da no_hardware_cursors a sashen kibiya na fayil ɗin saitinsa. Wannan yana da farashi, domin kowane motsin linzami zai sa a sake zana wani yanki na fuska, kibiyar kan ɗan yi nauyi idan kwamfutar tana cikin aiki mai yawa, batiri ma yakan ji a jikinsa. Don haka ya kamata a cire wannan saiti a sake gwadawa duk lokacin da aka sabunta direba ko ƙwayar Linux, wato kernel, idan kuma lalacewar tana nan, a kai rahoto ga masu kula da direban tare da sunan katin, da lambar fitowar direban, da bayanin cewa matsalar tana gushewa idan aka kashe shimfiɗin kibiya na katin.